Ranar Yankan Bindigogi

Da hantsi Ajidan Kiyari ya aiko da mota,
wai in zo da injin walda da abin yanka.
Na bar ƙyauren wata hajiya rabi a haɗe,
na hau.

A farfajiyar jandarma, gindin dutse,
an shanya su bisa tamfol
kamar bandar kifi a Kasuwar Dole.
Ɗari da goma sha bakwai. Da kaina na ƙirga,
don kowace dala ɗari za a biya ni.

Aka ce wata takarda ce ta tara mu,
an sa mata hannu a wani birni mai sanyi
inda ruwa ke zuwa famfo
ba sai mace ta tashi tsakar dare ba.
Ni ban ga takardar ba. Tsatsa na gani.

Kakan kakana a Birni ya zuba igwa da tagulla,
har yau dangi na faɗin haka a wurin suna.
Shi riga aka ba shi don ya ƙera,
ni dala ɗari don in karya.
Wuta dai ita ce, ba ta tambayar kowa.

Rediyon mai gadi na kawo gardama daga Yamai.
Wani ya ce ƙasa ba makami gona ce ba darni.
Wani ya ce kuɗin tankar yaƙi guda,
rijiya nawa ke nan a Tanut?
Na ukun ya yi dariya, ya ce
masu rubuta dokar ai su ne masu shagon.
Dukansu na gyaɗa musu kai,
tartsatsi na zuba a kan takalmina.

Yawancinsu na maharba ne,
harbi-ka-ruga, ɗaure da waya da fatar akuya,
waɗanda ko zomo sai ya tsaya ya jira su.
Tara kaɗai ne na gaske,
masu lanƙwasasshen ciki,
da tambari a jiki, ba boko ba, ba ajami ba.
Sun ƙetare hamada ba wanda ya tsaida su.
Ni ko Takeita zan je
sai na nuna kati sau biyu.

Tsoho Nomau na Dogo yana tsaye bakin ƙofa.
Shi ya kawo tasa da ƙafarsa.
Bai ce a fasa ba,
ya ce a ba shi icen gindin, ubansa ya sassaƙa.
Ajidan ya duba takarda, ya juya baya, ya sake dubawa:
ba a ce komai game da ice ba.
Nomau ya sa shi a hammata ya tafi,
kamar mai ɗauke da kaza.

Da na kai kan na gasken hannuna ya yi sanyi.
Ƙanena Mutari na bakin Komadugu da kaki.
Shekaranjiya ya kira, murya na yankewa,
ya ce su harsashinsu a ƙirge yake,
na mutanen ƙetare ba mai ƙirgawa.
Na ce, ranka ya daɗe, a kai masa wannan mana.
Ya ce an goge lambarta,
abin da ba shi da lamba ba ya shiga littafi,
ga masu hoto kuma na jira.
Na yanka.
Ta fi sauran gardama, sai da ta ci mini faifai biyu.

Na roƙi guntayen, ko na yi gatarin kurar ruwa.
Aka ce za a auna, a rufe, a aika da rahoto.

Yanzu ƙarfe biyu na dare.
Rabi'atu ta jera jarkoki, famfo na tari bai kawo ba.
A kan kwalta manyan motoci na wucewa gabas,
lulluɓe da tamfol, ba fitila.
Ko gero ne, ko ba gero ba.
Na ƙirga bakwai,
sai na tuna wannan ƙirgar ba mai biya na.