Bisa Madatsar Maga

A Maga waya ba ta ji sai an hau bisa madatsa.
In na tashi daga aiki, na wanke hannuna,
sai in bi ta bayan gonakin shinkafa,
in wuce masunta suna ɗinkin koma,
in hau tudun nan kamar mai duban wata.
Sun san ni. Cewa suke, ga ungozoma za ta kira Marwa.

Tanimu, yau ma muryarka a gutsure ta zo.
Na ji "Sa'ade ta...", iska ta cinye saura.
Ta me? Ta faɗi? Zazzaɓin ne ya dawo?
Na tsaya da rabin zance a hannu
kamar wadda aka miƙa wa takalmi ƙafa ɗaya.
Sai gab da magariba saƙon ya shigo duka:
ashe haddar Tabbat ta kai,
ta ƙi cin abinci sai an gaya wa Inna.

Ka ce in rage tsawon saƙo, kati yana cin kuɗi.
To, wanne zan yanke?
Matar da ta haihu a kwalekwale kafin a kai gaɓa?
Ko tagwayen shekaranjiya,
da fitilar asibiti ta mutu tsakar dare
na karɓe su da hasken wayar nan?
Da safe na hau tudu, na tarar ka nema har sau uku.
Ka yi fushi, na ji a gaisuwarka,
gajera, kamar wandon da yadi bai isa ba.
Ban ba ka haƙuri ba, kai ma ba ka nema ba.
Kwana biyu muka yi muna tambayar lafiyar Sa'ade kaɗai.

Ran Juma'a Abbo direba ya sauke mini ƙunshinka.
Ni na ba shi bandar kifi da tiya biyu ta sabuwar shinkafa,
kai ka aiko da riga, shuɗiya, da aiki a wuya.
Da awon bara ka ɗinka.
Ta yi mini yawa a kafaɗa, ta yi yawa a ƙugu.
Ka tambaya, na ce ta zauna daram.
Wannan ƙaryar ɗaya ce, ka rubuta ta a littafin bashinka.

Abin da na fi so ba ya cikin magana.
In zance ya ƙare, katin bai ƙare ba,
sai ka ajiye wayar a gefen keke
ka ci gaba da takawa.
Ina jin allura tana gudu, tana tsayawa, tana gudu,
ina jin almakashi, da baburan Kakatare,
da tarin nan naka da ka ce ya warke.
Ni kuma in juya tawa wajen ruwa
ka ji dorina tana huci can tsakiya.
Ka ce, wace ce wannan mai minshari?
Na ce, maƙwabciya ce, ba ta biyan haya.

Wata bakwai ke nan. Takardar canjin wuri
tana kan wani tebur, ƙarƙashin wasu takardu.
Saura kwana goma sha ɗaya a biya albashi,
in hanya ba ta yanke ba zan shigo motar asuba.
Kar ka aiko yaro tasha, kai nake so ka zo,
da zaren awo a wuyanka yadda ka saba.
Akwai rigar da za ka rage.

Sauro ya taso, caji saura kaɗan,
ga wani can da fitila yana kiran sunana daga ƙasa.
Wata ta fara naƙuda.
Ka shafa mini kan yarinyar.
Gobe war haka, in tudun nan yana nan, ina kai.