Wankin Teku

Ƙarfe shida jirgin farko ya wuce,
ƙasa-ƙasa, har kwanon rufinmu ya amsa.
Ina tsaye gaban bahon wanke-wanke
a nan kudancin Luwiziyana, inda tudu ke ƙarewa cikin ciyawa,
ciyawa kuma ta ƙare cikin ruwan gishiri.
Nolton bai ɗago daga kofinsa ba.
Ya ce, "Ɗan ƙanwarki ne. Na san tuƙinsa."

Ferrel ne kuwa.
Shekara tara yana feshin gonakin rake,
bana an ba shi teku ya fesa.

Ranar Lahadi ya zo cin shinkafa da wake,
idanunsa jajur don rashin barci.
Ya ce, "Inna Eulalie, ki ɗauka sabulu ne.
Ɗanyen man nan kwance yake kamar fatar sa,
maganin ya yanyanka shi ɗigo-ɗigo,
ya nutse, ya bazu,
ƙananan halittun ruwa su ci abinsu a hankali.
In an bar shi, iskar kudu ta turo shi nan,
cikin saiwar ciyawa,
inda babu tsintsiyar da za ta shiga."

Ban musa ba.
Na ga ƙwasaƙwasar da suka tsamo ran Laraba,
fukafukanta a manne, baƙi ƙirin,
ido kaɗai ke motsi.
Wanda ya ga wannan ba ya raina magani.

Amma shekara arba'in ke nan ina wanke tukwane.
Na ɗauko kaskon suya, na cika shi da ruwa,
maiƙo ya taso yana ƙyalli.
Na ɗiga sabulu sau ɗaya.
Ya watse, sai ka ce an kira sunansa.
Na ce, "To, Ferrel, ga shi ya yi tsaf. Sha."

Ya yi dariya, bai sha ba.
Nolton bai yi dariya ba.

Domin shi ba a saman ruwa yake neman abinci ba.
Tarunsa ƙasa yake bi, inda jatan lande ke ƙyanƙyasa,
inda kawa ke buɗe baki dare da rana
tana tace duk abin da aka aiko mata,
ba ta da ƙafar gudu, ba ta iya tofarwa.
Daga sama shuɗi ya dawo, hoto ya yi kyau.
Wa zai ɗauki hoton ƙasa?

Masu ilimi sun zo da kwalabe,
wata yarinya mai takalmin roba ta ɗebi ruwa a bakin gadarmu.
Na tambaye ta, gyara ne ko ɓarna?
Ta daɗe tana manna takarda jikin kwalba
kafin ta ce, "Zaɓi ne, Mama.
Ko gaɓa ta sha, ko zurfi ya sha."
Na gode mata.
Ita kaɗai ba ta ce mini ya tafi ba.

Gaba kura, baya sayaki,
mu kuma a tsakiya da jirgin da ba mu gama biya ba.
Yana ɗaure mako bakwai yanzu.
Nolton kan je ya tayar da inji, ya saurara, ya kashe,
ya dawo da warin gishiri da wani wari
mai kama da na ɗakin asibiti.

Da yamma jirgin Ferrel kan komo fanko.
In ya zo saitin gidanmu sai ya karkata fiffike,
gaisuwarsa ke nan tun yana koyo.
Ina ɗaga masa hannu har yau.
Ɗaya hannun yana riƙe da kaskon,
ruwansa fari-fari kamar tsinkakken nono,
ina ta duba inda zan zubar.