Dakalin Teku

Barira ta zo hutu daga bakin teku,
ta ƙara duhu, tafin hannunta ya yi kanta
kamar na mai jan guga.
Na ce, ba aikin biro aka ce kin samu ba?
Ta ce, Baba, biron namu lilo yake yi bisa ruwa.

Bayan tuwon dare, nan tsakar gida a Bagalam,
ta jingina faranti a bakin kwatarniya.
Ta ce, ƙasa ba ta ƙarewa inda ƙafa ta jiƙe.
Tana shiga ƙarƙashin teku a shimfiɗe,
sannu sannu, tafiya mai nisa,
kafin ta yanke ta faɗa rami
wanda ko an ƙulla igiyoyin rijiyoyin Maradi duka
ba lalle su taɓo gindinsa ba.
Shimfiɗar nan muke aunawa.

Na ce, ashe dakali ne.
Ta dube ni, ta ɗauki alƙalami,
ta rubuta a bayan hannunta don kada ta manta.

Ta ce, ruwa baƙo ne a dakalin nan.
Wani ya yi kwana arba'in, wani ya shekara,
wani ko gaisuwa bai gama ba
igiyar ruwa ta ja shi kudu.
In iska ta kore na sama,
mai sanyi ya taso daga ƙasa da guzurin kifi.
In kuwa ya daɗe bai motsa ba,
duk dattin da gari ya zubar
nan yake zama tare da shi,
kifi ya rasa numfashi, masunta su koma da koma babu kowa.

To yaya kuke gane baƙon jiya da na bara,
alhali duk riga ɗaya suka sa?
Ta ce, da gishirinsa, da ɗuminsa.
Muna kuma sakin wasu goruna masu baki,
su bi shi duk inda ya nufa,
suna faɗa mana ta sama, mu kuwa muna ƙirgawa.

Ban ce mata komai ba.
Shekara talatin da ɗaya ina lambu a bakin Gulbi.
Na san ranar da yake isowa ja wur daga kudu,
da itace, da takalmi wari guda, wani lokaci da akuya.
Na san ranar da zai bar mana yashi
yara su buga ƙwallo inda jaki ya nutse.
Wanda ya tsaya a tafkin Madarunfa ya fi daɗewa.
Wanda ya sulale ƙasa,
shi nake tarar da shi a gaba shida cikin bazara,
ina ba tumatir da zogale,
ban taɓa tambayarsa shekararsa ba.

Sai na yi nawa lissafin a zuci.
Ta iso ran Laraba.
Tikitin komawa na leƙowa daga littafinta: Juma'ar sama.
Kwana tara.
Da tana lakwal wata uku take yi mana,
bara mako uku.
Ban san sunan iskar da ke kore na sama ba,
na dai ga tana ƙara bugawa.

A tasha ta miƙo mini kwalba.
Ta ce, daga dakalinka na ɗebo.
Na ɗanɗana, na tofar, yaran mota suka yi ta dariya.

Na juye shi a farantin nan
na ajiye a dakalin ƙofar gida.
Kwana uku ya yi mana.
Rana ta kwashi rabonta, ta bar farin gari ɗan kaɗan,
wanda bai cika cokali ba.
Uwarta ta ce a adana a ƙulle.
Na ce a'a, Tsahara,
zuba shi a miyar kuka.