Baƙo a Ƙofar Na'ura

Ranar Laraba bayan La'asar Mabera ta yi tsit,
zafi ya tara kowa a gindin dogon yaro.
Aka kawo wuta. Na yi bisimilla,
na soka igiyar rumbun ajiya a ƙugun na'urar gem.
'Yar fitilarsa ta ƙifta ido sau uku,
ya yi gurnani kamar kyanwa a cinya,
allon talabijin kuwa ya ce: babu abin da aka haɗa.

Babu? Ga shi a tafin hannuna, da ɗuminsa,
baƙi wuluk, gefe guda ya tsage.
Na zare, na hura ramin, na goge da bakin riga,
na gwada ƙofar gaba, na zagaya ta baya
kamar mai bin bashi.
Luba tana tsince shinkafa a bakin ɗaki, ta ce,
"Yi mata sallama mana, ƙila 'yar sarauta ce."

Cikin na'urar ya cika, shi ne duk damuwata.
Sabon wasan ƙwallo na tsaye a waje,
yaran layinmu sun yi karo-karo tun Lahadi.

Na hau kabu-kabu zuwa Gawon Nama.
Hali mai gyara bai ko ɗago kai ba,
dalma na hayaƙi a ƙarƙashin hancinsa.
"Igiyag ga ba ta da ƙarhi," in ji shi,
"nemi mai shuɗin halshe, ita ka ɗaukar kaya."
Dubu biyu da ɗari biyar, ban yi ciniki ba.
Kafin in iso gida an ɗauke wuta.

Sai bayan Isha'i janaretan maƙwabci ya yi tari,
na ja waya ta kan katanga.
Na soka. Ƙifta, ƙifta.
Sai ga rubutu ya fito fari sol:
na ga baƙon, amma ba yarenmu ɗaya ba.
In kana so ya zauna, sai na share duk abin da ke cikinsa.
E, ko a'a.

Rumbun na Modi ne, yayana.
Ya bar shi cikin aljihun jakar makaranta
daren da ya bi motar Illela,
ya ce in ya kai bakin teku zai kira.
Damina uku ke nan.

Na san abin da ke ciki, na taɓa leƙawa a kwamfutar Hali:
hotunan sunan Luba, ita cikin zane kamar ƙullin goro,
Baba da rai, yana faɗa da mai ɗaukar hoto,
takardun jami'a da ba a ƙarasa ba,
da bidiyon minti biyu a bakin Gulbin Rima,
Modi ya kama tarwaɗa ta suɓuce,
yana dariya har kyamara na rawa.

Babban yatsana ya kwanta a kan maɓalli.
Ba nauyi gare shi ba, maɓallin,
ko ƙuda ya sauka da ƙarfi zai danna.
Janareta na shan man mutane,
sauro na karatu a kunnena.

Na matsa zuwa a'a.
Na shiga cikin na'urar na goge wasan tseren mota,
na goge na dambe, wanda na kai mataki na tara,
ƙwallo ta samu wurin zama, da ƙyar.

Inna ta ɗaga labule, carbi a hannu.
"To, ta gane shi?"
Na naɗe igiya mai shuɗin harshe a jikin rumbun,
na mayar da shi aljihun da na same shi.
Na ce, "Ta gane shi, Inna.
Cewa ta yi sai ya manta da mu kafin ya shigo."