Safar Hannun Deolinda

Kakata Deolinda ba ta bar mini sarƙa ba,
ba gona, ba kuɗi a ƙarƙashin katifa.
Safar hannu ta bari, ta fata, guda ɗaya, ta hagu,
babban yatsan ya ƙone har ana hango haske ta ciki.

A garinmu na arewacin Fotugal,
inda kogi ke miƙa wa teku ruwansa,
maza ke ƙera jirgi, mata ke jiran jirgi.
Haka aka taras. Ba wanda ya rubuta, balle a goge.

Ita tana yankan kifi a rumfar masu gwangwani,
idonta na kan tartsatsin da ke tashi ƙetaren titi.
Wata Litinin ta wanke ƙarni daga hannunta,
ta tsallaka.
Helma ya dube ta daga ɗankwali har takalmi,
ya ce, "Kicin yana ta baya."
Ta ce, "Na sani. Walda na zo."
Dariyar da aka yi, in ji ta, sai da tsuntsayen teku suka tashi.

Suka ba ta ƙarfe biyu masu tsatsa don a ƙara nishaɗi.
Ta haɗa su.
Aka kawo guduma, ƙarti uku suka karɓi juna.
Gudumar ce ta gaji.

Sun ɗauke ta aiki, amma ba su yi mata wuri ba.
Babu bayin mata a duk faɗin ma'aikatar;
shekara goma sha ɗaya tana zuwa shagon gahawar Filomena,
minti bakwai zuwa, minti bakwai dawowa,
ana zaftare su daga ladanta.
Rigar aikin da aka ba ta ta wani marigayi ce, Baltazar.
Ta naɗe hannun sau uku,
ta yi ta yawo da sunansa a ƙirji.
Ambulan ɗinta na ƙarshen wata
ya fi na yaran da ta koya wa sana'ar ramewa.

Ban taɓa jin ta kira kanta jaruma ba.
In an ce ita ta share fage, sai ta taɓe baki:
"Haya nake biya, yarinya."
Amma da dare, tana shafa man zaitun a tabon damtsenta,
takan kira jirage ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirga 'ya'ya,
wanda ya yi kudu, wanda ya bi kifi har ruwan ƙanƙara,
"ba wanda ya yi yoyo ta inda na taɓa."

Yau ni ce a ƙololuwar injin ɗaga kaya,
matakala ɗari da arba'in sama da inda ta tsuguna.
Akwai ƙofa mai hoton mace yanzu. Har da madubi.
Sunana, Iria, an ɗinka shi daidai a ƙirjina.
Hotonta na rataye a ofis, ana sa masa fure a watan Maris.

Sai shekaranjiya takardar albashin Gaspar ta faɗo gabana.
Iska ce ta buɗe, ba ni ba.
Rana ɗaya aka ɗauke mu. Inji ɗaya. Sanyi ɗaya ke cin kunnenmu.
Na lissafa bambancin ina hawa:
kuɗin minti goma sha huɗu ne, kullum,
kamar har yau ina tafiya shagon Filomena
da aka rushe tun ina rarrafe.

Kaka, fure ba ya biyan haya.

Gobe ƙarfe tara zan shiga ofishin,
ni da Noémia ta ɗakin fenti,
da wasu biyar da ke cewa sai sun yi shawara.
Cikina yana kaɗawa, ba zan ɓoye miki ba.
Daren jiya na gwada safarki, ta yi mini kaɗan.
Ashe haka hannunki yake ƙarami.
Na dai tura, na tura,
har yatsana ya leƙo ta inda wuta ta ci.