Wanda Ya Riga Ni Karantawa

Ranar Alhamis Kawu Ilu ya dawo daga Maigatari,
ƙurar riɗi a hularsa, littafi a hammata.
Wai wani ɗan Chana mai awon buhuna ya bar shi a sito,
shi kuwa da ya ga Turanci ya ce, to, na Hajara ne.

Bangon ya yage. Ciki dogayen labarai,
kowanne da tambayoyi biyar a gindinsa
kamar kaza da 'yan tsakinta.
A gefen shafi wani ya riga ni sauka:
ƙananan rubutu da jan biro,
sawun zabi a kan rairayi bayan yayyafi.
Ko ɗaya ban iya karantawa ba,
amma na gane duk inda ya yi tuntuɓe.

Kalmar da ya zagaye, ita ce ta tsaya mini a wuya.
Inda ya ja layi har takarda ta huje,
nan ni ma nake ajiye biro in dafe kai.
Ga labarin ƙanƙara mai narkewa a ƙarshen duniya,
ni da ban san wata ƙanƙara ba
sai ta kular Ɗan'asabe mai zoɓo.

Malam Nuhu ya ce, fara da tambaya, ki koma labari.
Kada ki bi kalma ɗai-ɗai
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
agogo ba ɗan'uwanki ba ne.
Amsa huɗu ce: biyu ƙarya ce tsirara,
ɗaya gaskiya, ba ta ado,
ɗayar kuwa ta yi wanka ta sa kwalli,
ita ke kayar da mutum.

Saura kwana goma sha tara a yi Jam
a Gumel, gaban kwamfutar da sau biyu na taɓa taɓawa.
Da rana ina shanya fitilata a kan danga ta sha rana,
da dare in sha abin da ta sha.
Inna ta leƙo, ta ga jan rubutun,
ta ce, wannan kuma laya ce ko boko?

Lamba kaɗai muka haɗa yare da shi.
A shafin farko ya ci biyu cikin biyar.
Na ci ɗaya.
A na talatin ya ci huɗu, ya zana 'yar fuska mai dariya.
A na sittin da bakwai, inda shayi ya zube masa,
ya rubuta ƙarfe ɗaya da minti arba'in.
Na san ba na rana ba ne.
Nan na ci biyar, shi uku,
na rasa wanda zan gaya wa,
sai akuyar da ke tuƙa a bakin ƙofa.

Daga shafi na ɗari da sha biyu, shiru.
Ba ja, ba zagaye, fari fat.
Ya gaji ne? Ranar ce ta riske shi?
Ko shi ne mai awon riɗin, ko ƙanensa, ko 'yarsa?
Na tambayi Kawu, ya ce kaka ta wuce, mutumin ya tafi,
abin da ya riƙe kawai,
yana Turanci kamar ni, yana ƙirga kalma kafin ya biya.

To, sauran hanyar ni kaɗai ce.
Na ɗauki shuɗin birona,
duk kalmar da ta cije ni, in rubuta Hausarta a gefe,
ƙanana, a tsanake,
ko da wani zai tsinci littafin a wani sito,
ya kasa karanta ni,
ya gane inda na tsaya.