Hazo da Allura

Shekara tara ina goge gilashin injuna
a gidan wasan da ke ƙarƙashin kantin takalma,
can wani lungu na Osaka,
inda jirgi in ya wuce ta sama
sai sulalla su yi rawar ɗari a cikin akwati.
Ni ke riƙe da mabuɗai.
Ni na san wanda ke dariya in ya faɗi, da wanda ke cizon leɓe.

Injin ganga na kusurwa, mai fatar roba,
shi ne fagen fama.
Ka ɗora katinka, ya shaida ka,
ya kai makinka har cikin wayar abokin hamayya,
ko barci yake, ko yana tsaye gaban maigidansa.

Sunaye biyu suka hana allon sakat.
Yau Hazo ya rufe sama,
gobe Allura ta huda shi da maki bakwai,
'yan kallo ɗari uku, daga Sapporo har Fukuoka,
suna tafi da ɗan yatsa,
ba wanda ya san fuskar kowa.

Sai ni.

Hazo dattijo ne, Kuniyoshi,
ya tsufa yana tuƙa jirgin titi.
Goma na safe zai sauko, ya ninke hula,
ya murza man zafi a wuyan hannu,
ya zaro sandunansa daga cikin tsohuwar safa.

Allura kuwa sai dare ya raba.
Kazane, mai jinya a ɗakin yara,
ƙamshin sabulun asibiti na biye da ita.
Ta kwance gashi, ta hau gangar nan da duka
kamar tana bin ta bashi.

Shi ya ɗauka wani ɗan sakandare ne marar kunya.
Ita ta ɗauka wani ƙato ne da bai da aikin yi.
In ya ci, ya aika mata hoton kyanwa mai durƙuso,
ta mayar masa da kifi mai gwalo.
Shekara uku, iyakar hirarsu ke nan.

Wani hunturu ta yi kwana tara ba ta leƙo ba.
Ya zauna a sama shi kaɗai,
sarautar ta zame masa miya ba gishiri.
Ya same ni ina canjin kuɗi, ya ce,
"Yaron nan, lafiya kuwa?"
Dokar gida ta ɗaure min baki.
Da ta dawo, idanu jajur,
kyanwa tara ta tarar suna jiran ta.

Sai aka sayar da ginin.

Ranar ƙarshe Lahadi ce, ana yayyafi.
An riga an cire wayar da ke karanta kati,
injin ya zama bai san kowa ba.
Ƙarfe huɗu na ga su biyun a layi ɗaya,
lemarta na ɗiga a kan takalminsa.
Ta ga safar, ta yi dariya.
Ya ce ko za su buga tare, tunda layin da tsawo.

Ban taɓa jin gangar ta yi irin wannan magana ba.
Ta ci shi da kaɗan.
Ya sunkuya ya ce, "Kin iya, 'yata."
Ta ce, "Kai ma, Baba, da sauranka."

Maganar ta zo min har haƙora.
Na ɗauki tsintsiya.

A matakala ya tsaya yana laluben waya,
yana aika wa yaron nan marar kunya kyanwar ban kwana.
Taki uku a gabansa,
aljihun rigarta ya yi ƙara.

Na ja ƙofar ƙarfe
kafin in ga ko ta waiga.